Kopotsk Na Neman Ɗan Baya

Duk ranar da muka ci wasa a waje, muna dawowa cikin bas, sai yaran nan sun tayar da shirmensu. Rinat ne uban gayya, wani ɗan ƙabilar Tatar, ɗan baya mai bakin tsiya. Zai miƙe daga kujerarsa ya ce, "To 'yan giɓi, in gobe za a yi musayar mutum, wane gari ne ya gwammace a zare masa sauran haƙoransa da a kai shi?" Ba ƙarya ya yi ba, duk wanda ya daɗe yana hokin ƙanƙara, haƙoransa na gaba sun riga shi yin ritaya.

Sai a fara jerowa. Wannan ya ce gari kaza, ƙanƙarar filinsu kamar gonar dankali. Wancan ya ce a'a, gari kaza, 'yan kallonsu har uwar alƙalin wasa suke zagi da sunanta. Duk kewaye-kewaye ne, kowa ya san inda za a sauka. A ƙarshe su haɗa murya, "Kopotsk!" bas ta ɗauki dariya har direba.

Ni ne Savva Lukin, golan kulob ɗin. Na girme su duka, Kawu suke ce mini. Na sha zuwa wasa Kopotsk, kuma ba zan yi mata ƙarya don in wanke ta ba. Kana shiga jirgi da safe, sai ƙugunka ya mutu kafin ka sauka, daga nan kuma a zuba ka a mota. Dusar ƙanƙarar garin baƙa ce saboda hayaƙin masana'antar narka ƙarfe. Ruwan famfonsu launin shayi. Ka fyace majina, ka ga gawayi. Na san 'yan wasa uku da aka tura can, matansu suka ce a sauka lafiya.

Amma ba garin ne ke tayar mini da zuciya ba, manajanmu ne, Valeri Ignatich. Mutumin da bai taɓa ɗaura takalmin ƙanƙara ba, daga sayar da bututu ya faɗo mana. Turarensa na riga shi shigowa ɗaki. Shi da manajan Kopotsk tare suka yi soja, don haka duk wanda ya tura can ana karɓa. Ignatich ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. In an ci mu, sai ya leƙo ɗakin canja kaya, ya tsaya a kan wanda ya yi kuskure, ya ce a hankali, "Na ji Kopotsk na neman ɗan baya." Ko ɗan gaba, gwargwadon wanda ya tsare. Ka ga ƙato mai gemu, wanda ke tare faifan roba da fuskarsa, ya koma yana murmushi kamar amarya. Tir!

Ran Litinin muke zuwa banya, gidan wankan turiri. Muna zaune cikin turiri ni da Timofei Ryabov, ina dukan bayansa da tsintsiyar ganye, sai ya ce, "Kawu, tsohona ya kwanta."

Tima, kamar yadda muke kiransa, ɗan baya ne, shiru-shiru, ba ya sa baki a shirmen bas. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa makarantar hoki ta kwana a wajenmu, har kowa ya ɗauka ɗan nan ne.

Na ce, "Me ya same shi?"

"Huhu. Tun yana saurayi yake bakin tanderu. Likita ya ce ba zai ga narkewar ƙanƙara ba."

"Wane tanderu?"

Ya juyo ya dube ni. "A Kopotsk aka haife ni, Kawu."

Na ajiye tsintsiyar. Shekara da shekaru yaron nan yana zaune a bas ana zagin garin ubansa, har da ni, bai taɓa cewa uffan ba. Na ce ya nemi hutu. Ya ce ya nema, Ignatich ya ce sai an gama kakar wasa. Ko da ma an ba shi, tafiyar kaɗai za ta cinye hutun. Ya yi tunanin ya ajiye sandar hoki ya tafi abinsa, tsohon ya rantse a waya ba zai buɗe masa ƙofa ba, wai bai haifi mai gudun aiki ba.

"Saura hanya ɗaya," in ji Tima. "Kafin a rufe musaya ƙarshen watan nan, zan je in roƙi Valeri Ignatich ya tura ni can. In yi wasa da yamma, in kwana a gaban tsoho."

Na ce, "Kul! Kar ka soma. Ka taɓa ganin mutumin nan ya ba wani abin da yake so? Kopotsk bulalarsa ce. Ranar da ya ba wanda ya roƙa, ta tashi daga bulala. In kana son zuwa, sai dai ka ci laifin da zai kai ka."

"Wane laifi?"

"Ka san abin da ya fi ƙauna a ginin nan."

A tsakiyar ɗakin canja kaya akwai tambarin kulob, wani ƙaton kifi da aka saƙa a jikin kafet. Ba a taka shi. Haka yake a kowane kulob, amma namu ya wuce misali. Mai shara ma kewaye shi take yi, da hannu take goge shi. Ignatich, wanda ba ya tsoron Allah, yana tsoron kifin nan. Ya yi imani in aka taka shi, kakar ta lalace.

Ran Asabar aka ci mu a gida. Ignatich ya shigo da turarensa yana neman wanda zai tsaya a kansa. Sai Tima ya miƙe, takalmansa masu wuƙa na ƙafarsa, ya ratsa ta tsakiyar ɗaki, ya taka kifin daga jela har kai. Da ya kai kan idon, ya tsaya ya murza. Ka ji kafet ya ce ɓarat.

Kyaftin ɗinmu Gleb, wanda ke ɗaukar wa Ignatich jaka in za a shiga jirgi, ya yi tsalle ya shara wa Tima mari. "Ka haukace ne, ɗan iska?"

Ignatich ya yi fari fat. A karo na farko na ji muryarsa ta yi sama. "Kopotsk! Ka haɗa tsummokaranka. Jibi takardarka za ta tafi, kai ma ka bi ta."

Tima ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yanke wa ɗauri. Na ce a raina, yaro ya iya. Saura kawai ya ci gaba da ɓata rai har jirgi ya ɗaga.

To, tarbiyya ce ta kashe shi.

Al'adarmu ce, mai barin kulob ya shimfiɗa wa 'yan'uwansa tebur, a ci a sha a yafi juna. Wanda ya tafi bai yi ba, ana cewa ba shi da uwa a gida. Amma waɗanda aka tura Kopotsk ba a tsammanin tebur daga gare su. Ɗaya ya kakkarya sandunansa ya watsa a bakin ofis. Wani ya yi fitsari a tayar motar Ignatich da rana tsaka. Haka ake tafiya Kopotsk. Ranar Litinin ina wajen mai tausa ana fama da gwiwata, ko da na iso ɗakin canja kaya, sai na tarar an haɗa benci biyu an rufe da farin ƙyalle. Ga bandar kifi, ga kokwamba mai tsami, ga baƙin burodi, ga tukunyar pelmeni, ƙullin fulawa mai nama a ciki, tana turiri, ga kwalaben giyar bodka, har da butar shayi don Rinat da ba ya sha. Tima na tsaye da farar riga yana zuba wa mutane, fuskar nan tasa kamar an kunna fitila.

Na ja shi gefe. "Kai wane irin wawa ne? Takardar ta tafi?"

"Sai da yamma. Kawu, ya zan taka musu kifi in tafi ban nemi gafara ba? Tsohona ya ji, sai ya tsine mini."

"To ɓata fuska, don Allah!"

Ina! Ya ɗaga kofi ya ce, "'Yan'uwa, ku yafe mini abin da na yi ran Asabar. Ba raini ba ne. Ubana na kwance a Kopotsk, kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma ba ni da wata hanyar zuwa. Jibi war haka ina riƙe da hannunsa."

Wasu suka kau da kai suna share ido. Rinat ya ce, "Kai, Tima, ni kuma kullum ina zagin garinku? Me ya sa ba ka fasa mini baki ba?" Gleb ya zo ya rungume shi, ya sumbace shi sau uku yadda ake yi, ya ce, "Ka yafe mini marin nan, ƙanena." Sannan ya ce bari ya zaga bayan gida.

Da ya dawo, turaren Ignatich ne ya riga shi shigowa.

Gleb ya tsufa a wasa, ƙafarsa ta yi nauyi, ya san in ba a yi hankali ba shi ne na gaba a layin Kopotsk. Shi ya sa ya sayi zamansa da uban wani. Allah wadai.

Ignatich ya kewaye kifin da aka riga aka ɗinke, ya ɗauki kokwamba ɗaya daga tebur, ya gatsa. Muna jin ƙarar taunarsa.

"Timofei Yefimich," in ji shi, "ashe gida za ka? Ai da ka gaya mini. Ɗa nagari irinka, mai tunawa da mahaifi, wane mahaukaci ne zai rabu da shi? Na fasa. Kana nan tare da mu."

Tima ya ce, "Valeri Ignatich, na roƙe ka. Ni na taka kifin. Ka hukunta ni."

"Ai hukuncin ke nan." Ya goge yatsunsa a jikin farin ƙyallen. "Sai dai na riga na yi wa abokina alkawarin ɗan baya, kuma ni ba na saɓa alkawari."

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ƙattin nan duka suka sunkuya suna nazarin igiyar takalmansu. Ni na ce, "Valeri Ignatich, wannan zalunci ne," ya ce, "Kawu, kai Kopotsk ma ba ta son ka, zauna." Idonsa ya sauka a kan Rinat, wanda matarsa Alsu ta haihu satin da ya wuce, ko cibiyar jaririyar ba ta faɗi ba.

Rinat ya tafi shi kaɗai, don likita ya hana a kai jaririya cikin hayaƙin nan. Bai shimfiɗa tebur ba, bai kuma karya sanda ba. Tima ya kasa ko zuwa rakiya.

Tsohon bai kai narkewar ƙanƙara ba. Ranar da labari ya zo muna da wasa a gida. Ignatich ya sa aka haska hoton Yefim Ryabov, mahaifin Tima, a babban allo, aka yi shiru na girmamawa, ya sauko har bakin fili ya rungume Tima a gaban masu ɗaukar hoto. Bayan wasa ya ba shi hutun jana'iza, da yake yanzu ba abin da zai amfana masa. Dusar ƙanƙara ta rufe filin jirgin can, aka binne tsohon, shi kuwa Tima na zaune a nan.

Da safe bayan atisaye, ina gefensa yana naɗa tef a bakin sandarsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Rinat ne. Hannuwan Tima na cikin aiki, sai ya sa a lasifika.

"Tima, an rufe shi lafiya. Ni da abokan aikinsa muka ɗauki akwatin."

Tima ya ce, "Kai? Ya aka yi ka san gidan?"

"Garin nawa yake? Tun da na zo nake leƙa shi bayan atisaye. Ba ni da kowa a nan, shi ma haka. Akwai abin da zan gaya maka, in ka ga dama ka zage ni. Idon tsohon ya riga ya tafi. Ranar da na fara zuwa, ya shafa rigata, ya ji tambarin kulob ɗin Kopotsk a ƙirji. Sai ya kama hannuna, ya kira ni da sunanka na gida, ya ce, 'Timosha, ashe sun sako ka?'"

Tima ya daina naɗa tef. "Me ka ce masa?"

"Na amsa. Kullum in ya kira, amsawa nake yi, har ranar ƙarshe."

Tima ya kifa goshinsa a kan sandar. Yaran suka fice ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɗage ƙafa yana kewaye kifin nan a hankali, har da Gleb. Ni na tattaro duk abin da ke maƙogwarona, na tofa masa a idon da aka ɗinke.