Ragon Yaya Abdulgafar

Yaya Abdulgafar ya ce shi ya yi kansa da kansa, ba wanda ya ɗora masa ko tsinke. Ya faɗi haka ne a tsakar gidanmu, yana cin tuwon Inna.

Shekararsa huɗu yana aiki a wani biro, wato ofis, a Damagaram. Ya dawo Belbeji saboda matarsa Radiya ta haihu a gidan iyayenta, gida uku tsakaninmu da su. Namiji ne, ɗan fari, suna jibi. Ya zo da tabarau da jaka mai maɓalli, da wata kalmar Faransanci, "bwala", da yake ɗorawa a ƙarshen kowace magana. Ni ban yi lakkwal ba, wato boko, a jikin buhunan shinkafa da waya na koyi karatu, amma na gane bwala ba ta ƙara wa magana komai.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma ɗan fari ne. Sai ta ce da ni, "Jamila, tambayi wancan ko a ƙara masa miya." Wancan ɗin kuwa ga shi zaune a gabanta. A biro, in ji shi, Mushe ake ce masa, wato Malam da Faransanci.

Baba ya ce, "Akwai rago a turke, na ajiye maka na suna."

"Baba, ka bar abinka. Ɗana ba zai soma duniya da ragon kyauta ba. Da gumina zan saya. Bwala."

"Ka dai leƙa ka gan shi."

"Ba sai na gani ba. Na san dabbobin gidan nan, ƙashi da fata."

Baba ya ce to, ya ci gaba da gyaran igiyar gugansa.

Washegari ranar kasuwa ce. Yaya ya ce in raka shi in riƙe masa jaka. A hanya ya yi mini bayanin cewa mutum ba gidansu ba ne, mutum aikinsa ne. Na ce haka ne. Duk wanda muka gamu da shi kuma sai ya ce, "A'a, ɗan Malam Ahmadu, an zama uba? Barka." Wata tsohuwa mai fura har ta tuna masa ranar da ya faɗa cikin kwatarniyarta.

A karar tumaki ya zaga sau biyu, hannu a baya. Ya buɗe bakin wannan, ya taɓa gadon bayan wancan. Can ya tsaya gaban wani farin rago mai baƙin wuya, a hannun Ɗan Azumi dillali.

"Kin ga dabba," ya ce. "Wannan ba kiwon ƙauye ba ne. Wanda ya yi kiwonsa ya san aiki."

Na ce, "Da alama."

Ragon ya miƙo wuya yana sunsunar zanena. Ɗan Azumi ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Mushe," in ji Ɗan Azumi, "kana da ido. Amma ka tabbata wannan kake so?"

"Ni ba na canza magana."

"Allah ya sa albarka."

Muka taho. Yaya na riƙe da igiya, yana murna ta gaske, har da waƙa ƙasa-ƙasa. Ya ce zai gaya wa yaron wannan labari in ya girma. Ya kuma yaba da hankalin ragon, wai ko ja ba a yi, ragon ne ke gaba ma a kowace kwana.

Gida ya cika da gwaggonni, ana ta daka, ana guɗa. Yaya ya tsaya a bakin zaure ya ce a kira Baba da Inna su ga abin da gumi ke saye. Ya saki igiyar don ya ɗauki hoto da waya.

Ragon ya wuce ta tsakanin turame, ya kewaye rumbu, ya tsaya a turken da babu kowa, ya sa kai cikin kaskon dusa.

Dakan ya tsaya. Gwaggo Rukaiya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Inna ta ce, "Jamila, gaya wa wancan ya dubi kunnen."

Yaya ya je ya kama kunnen hagu. Tsaga biyu.

Baba ya ce, "Da ka ce ba ka so, sai na ba Ɗan Azumi da safe ya kai kasuwa. Wannan tsagar kunnen, shaidar dabbobinka ce. Jikan tunkiyar da kakarka ta ba ka ranar sunanka ne."