Labulen Gidan Graads

Da Hetty ta gaji da dukan ƙofar ubanta, sai ta tsallako titi ta doki ta Diene, wadda aƙalla kunnenta ɗaya na ɗan aiki.

"Gwaggo Diene, ba ni makullin."

"Wane makulli?"

"Haba Gwaggo! Ke ce maƙwabciyarsa ta kusa. Wa zai ba in ba ke ba?"

Makullin na cikin aljihun Diene, ta ma dafe shi da hannu. Bayan Hetty ga farar motar gidan tsofaffi a tsaye, direban na cin burodi da cuku abinsa. Yau ne za a kai Graads, uban Hetty, ɗaki mai kallon lambu, a sabon ginin da aka yi a filin tsohuwar masaƙa. Hukumar gari ta ga dacewar abin: inda mutum ya kurmance, can ya kamata ya ƙarasa. Graads bai ga dacewar ba. "Filin nan ya cinye kunnuwana," in ji shi, "ba zan kai masa ragowar ba." Ya sa Diene ta yi alkawari ba za ta ba kowa makullin ba muddin yana numfashi.

Duk wannan ta taga ya faɗa mata, ba da murya ba. A masaƙa, inda shi da Diene suka yi aiki, ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji ko da tarinsa, shi ya sa ma'aikata suka koyi hira da leɓe kawai. An rufe masaƙar, an sayar da injunan, an rushe bututun hayaƙin, amma su biyun ba su daina ba. Kullum da safe, taga na kallon taga, titi a tsakani.

"Har yau ba ki mutu ba, tsohuwa?"

"Sai na ga bayanka, kurman banza."

A layin nan ba a sakin labule. Mutumin kirki ba shi da abin ɓoyewa, in ma yana da shi, a bene yake ajiyewa. Labule sai an yi mutuwa, kuma ba 'yan gida ke sakinsa ba. Aikin maƙwabcin kusa ne ya sake shi, ya tsai da agogo, ya ɗaure haɓar mamaci.

Ga Graads can a kujerarsa ta bakin taga, cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, hula a kan gwiwa. Tun da safe Diene ta zage shi yadda aka saba, bai rama ba. Ta ɗauka fushi ne.

"To ki yi masa maganar kifayen nan taku," in ji Hetty. "Ki ce ya buɗe. Daga birnin Utrecht na taso, kuma motar nan ba tamu ce mu kaɗai ba."

Diene ta sa tabarau, ta fito tsakiyar titi da takalman ɗaka. Ta buɗe baki sosai, yadda suke yi a tsakanin injuna. *'Yarka ce. Ka buɗe, ko ka ce in kore ta.*

Idanun Graads na kanta, ko kuma na kan wani abu da ke bayanta.

Sai ƙararrawar mahaɗar titi da layin jirgin ƙasa ta fara. Jirgin kaya mai zuwa Jamus ya biyo ta bayan gidajen, dogo, a hankali, har ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafa. A lokacin ne bakin Graads ya motsa. Ya faɗa, ya maimaita, kamar yadda yakan yi in ya ga ba ta kula ba.

*Diene. Zo ki saki labule.*

"Ya yi magana!" in ji Hetty. "Me ya ce?"

"Ya ce in shiga. Ni kaɗai."

Ta buɗe da hannunta, makullin bai bar yatsunta ba. Falon na da sanyi, ba ƙamshin kofi, ba motsi sai na agogon bango. Ta tsaya a gefen kujerar.

"Ga ni, kurman banza," ta ce, wannan karon da murya.

Ta taɓa bayan hannunsa. Ta daɗe ba ta ɗauke nata ba. Sannan ta tsai da agogon, ta je ta ja labulen, wanda ya ƙi tafiya don bai saba ba, sai da ta fizga.

Hetty 'yar layin ce, duk da digirinta. Tana ganin labulen ta shigo a guje, direban na biye, yana share baki. Shi ya san aikinsa. Ya taɓa wuyan Graads, ya gwada ɗaga hannun, hannun ya ƙi.

"Sai haƙuri, uwargida. Ya daɗe da tafiya. Ya ma sandare."

"Ƙarya ne! Yanzun nan bakinsa ya motsa, da idona na gani!"

"Jirgi ne. Tsohon gilashi ne a tagar, in ya yi rawa komai na bayansa sai ya yi kamar yana motsi."

Hetty ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, kukan wadda aka yi wa bayani. Diene ba ta yi musu ba. Ta dai san jirgin kaya bai san sunanta ba. Ta ciro farin ƙyalle daga aljihun tebur don ta ɗaure haɓar, sai ta tarar ba ta da aiki: bakin a rufe yake gam, kamar an sassaƙa shi da itace. Ta ɗaura duk da haka. Al'ada ce.

Motar ta koma babu kowa a baya. Direban ya yi ta juya ta a ƙunƙuntar layin kafin ta fita.

Da la'asar Diene ta haɗa kofi ta zauna a bakin tagarta, makullin na gefen kofin. A tsallaken titi ba abin kallo sai labule mai ruwan toka. Ƙararrawar mahaɗar ta sake kaɗawa, cokali ya fara rawa a kan faranti. Can gefen labulen ya ɗan ja baya, faɗin yatsa biyu.

Diene ta ajiye kofin, ta goge tabaraunta da bakin riga, ta mayar.