Mai Rufaffen Baya

Gutsuren bulon da Tela ya jefa bai kuskure ba. A ƙeya ya sami mutumin, ya yi taga-taga ya kifa a bakin kwata. Har Tela ya ji daɗin saitinsa, shi da ko ƙadangare bai taɓa jifa ya samu ba.

Ihun "ɓarawo" ne ya fito da shi daga shago da rana tsaka, tef ɗin awo na rataye a wuya. Wai an fizge jakar wata mata a mahaɗar titi. Da ya leƙo sai ya hango wani yana gudu, ya ba su baya, ya rufe kai da hular rigar sanyi. Ana ta "Tsaya! Tsaya!" ko waige bai yi ba. Wannan taurin kan ne ya sa kowa ya sakankance shi ne.

Yana faɗuwa aka rufar masa. Mai faci da ƙarfen cire taya, kafinta da guntun katako, sauran da ƙafa. Wani ya finciko hular rigar, sai ga jan hedifon manne a kunnuwansa. Nan take Tela ya gane shi, don shi da hannunsa ya zaɓi hedifon nan.

Mai Burodi ne, maƙwabcinsa. Bango ɗaya ne tsakanin shagon Tela da ɗakin da Mai Burodi yake zaune da tsohuwarsa, bangon kuwa ko tari aka yi sai ya wuce. Mai Burodi mayen kiɗa ne. Da ya dawo hutun rana daga gidan burodi sai ya ƙure sifika, har allurai su riƙa rawa a kan teburin Tela. Tela kuwa mutum ne mai gajen haƙuri, shekara biyu yana dukan bangon nan da mariƙin almakashi, har fentin wurin ya zube. Ya raɗa masa Sarkin Kiɗa don ya ji haushi, shi kuma ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Ranar da Tela ya yanke hannun rigar wani ba daidai ba saboda ƙarar, ya tisa Mai Burodi a gaba har shagon masu kayan waya. Mai shagon ya fito da hedifon iri biyu. Ya ce mai raga a baya sautinsa ya fi sakewa, kunne ba ya gumi, kuma mutum yana jin abin da ke kewaye da shi, sai dai na kusa ma zai ɗan ji kiɗan. Mai rufaffen baya kuwa ba abin da ke fita, ba abin da ke shiga. Mai Burodi ya gwada mai ragar, ya lumshe ido, ya ce shi wannan ya yi masa. Tela ya zare shi daga kansa ya ɗora masa ɗayan, sannan ya tsaya a bayansa ya zage shi tas. Mai Burodi bai ji ba, sai gyaɗa kai yake yana murmushi.

"Wannan za ka ɗauka," in ji Tela. "Kai ka huta da duniya, ni in huta da kai."

Daga ranar suka shirya. Kullum Mai Burodi sai ya shagala da kiɗa ya makara, ya fita a guje don kada ƙullun yamma ya wuce tashi. Tela ya sha ganin gudun nan ta ƙofar shago, yau ne kawai bai gane shi ba.

Yanzu Tela ya kutsa cikin masu dukan yana ihu cewa ɗan layin ne, ba wanda ya saurare shi. Da ya rasa yadda zai yi sai ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa. Katako ya sauka a gadon bayansa, takalmin wani ya cire masa haƙori. Ana cikin haka mai jakar ta iso tana haki, ta leƙa, ta ce ba shi ba ne, wancan dogo ne kuma a kan babur yake. Kafin ka ce me, layi ya yi fayau. Mai faci ya koma kan tayarsa kamar bai taɓa tashi ba.

A bayan wata motar kaya aka ɗauki Mai Burodi zuwa asibiti, kansa a kan cinyar Tela. Jini na fita ta kunnuwansa duka biyu. Ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Yaya, me na yi musu?"

"Ba ka yi komai ba."

"Wa ya jefe ni?"

Tela ya sunkuya har bakinsa na taɓa kunnen. "Ni ne. Ka yafe mini, ni ne."

Mai Burodi ya zuba wa leɓensa ido. "Ɗaga murya, ba na jin ka."

Sau uku Tela yana faɗa, na ukun da ƙarfi har direba ya waiwayo. Mai Burodi ya ce a gaya wa maigidansa ƙullu zai lalace. Bai kai ƙofar asibiti ba.

Kwana bakwai masu gaisuwa suna yaba wa Tela, har da waɗanda ya gani da idonsa suna duka. Kowane yabo ji yake kamar an sake taka shi. Ya tsani kansa, ya kasa haɗa ido da tsohuwar.

Da aka watse ta shigo shagon da hedifon a hannu, ta wanke jinin, ta ɗaure inda ya tsage da zare. Ta ce ya riƙe, shi ya zaɓa wa ɗanta, kuma duk layin nan shi kaɗai ya tsaya masa. Tela ya san in ya yi shiru ba mai tona shi har abada. Bai miƙa hannu ba.

"Mama, jifan da ya kayar da shi nawa ne."

Ta daɗe tana kallon bakinsa da giɓin haƙorin. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta ajiye hedifon a kan keken ɗinki ta fita, ta ja ƙofar a hankali.

Ya kasa taka keken. Can bayan kamar awa guda ya ji motsi a ɗakin, ana laluben maɓallan sifika, irin laluben wanda bai saba ba. Kiɗan ya taso ƙasa-ƙasa, da ƙyar yake ratso bangon. Tela ya ja kujerarsa, ya jingina kunne daidai inda fentin ya zube.