Kunnen Kare a Shafi na Ƙarshe

Ranar Larabar nan Noel Brereton ya riga kowa zuwa shagon Stav, abin da bai saba ba. Shi da sai an gama jera sababbin littattafan zane a kanta, an dafa kofi, sannan zai shigo yana jan ƙafa kamar alƙalin da ya san ba a fara zama sai da shi. Yau kuwa ga shi tsaye a bakin ƙofa, iskar tekun garin Geelong tana neman ɗauke masa hula, Stav bai ma gama yanke kwalaye ba.

"A nan ka kwana ne, tsoho?" in ji Stav.

"Ka jera shi?"

"Ga shi can, tsakanin Kyaftin Garwashi da Matar Gilashi. Ka daina kallonsa haka, sai ka ce ka ajiye ɗa a makaranta ranar farko."

Noel ya kau da kai. Ɗan siririn littafi ne, baƙi da fari, sunansa Ambaliya, a ƙasa an rubuta B. Tully. Babu wani B. Tully a duniya. Tun da Noel ya ajiye tuƙin bas yake zana shi a teburin cin abinci, har matarsa Maureen ta gaji ta ce masa ko dai ya kai a buga, ko ya ba ta teburinta. Ya kai aka buga 'yan kaɗan. Fitowa ta biyu tana gida, rabi da fensir, rabi a cikin kansa. Daga Maureen sai Stav suka san zancen, kuma ya riga ya gaya wa Stav ƙarshen magana: in mutanen tebur suka ƙi shi, ya tattara alƙalumansa ke nan, babu na biyu.

Teburin yana can ƙuryar shago, ƙafarsa ɗaya a kan tsohon littafin lambobin waya. Duk Laraba da yamma a nan ake zama a karanta abin da ya fito, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Wanda aka fi yabawa, Stav ya ɗora shi a kantar bakin ƙofa, inda duk mai shigowa zai fara gani. Wanda aka kushe sai ya tafi wani akwati da ke ƙarƙashin tebur, wanda suke kira maƙabarta. Doka ɗaya ce mai tsanani: duk wanda ya faɗi abin da zai faru a labari kafin wani ya karanta, tararsa ita ce ya sayo wa kowa mitfai, wato burodi mai nama a ciki, daga gidan burodin da ke maƙwabtaka. Noel ya sha cin na mutane, ba a taɓa cin nasa ba. Ya kuma binne littattafai da bakinsa fiye da kowa a garin.

Clive ne ya fara zuwa, mutumin da ke buɗe littafi da kan yatsa kamar mai taɓa ciwo, ya karanta sau ɗaya ya zura a leda da kwali a baya, shi ke nan sai magada. Sai Rohan, malamin makaranta, da jakarsa cike da aikin yara. Mele ba ta iso ba tukuna, aikin asibiti ya riƙe ta.

Aka fara da Kyaftin Garwashi.

"Sun sake kashe shi," in ji Rohan. "A bango ma suka rubuta, kada wani ya ce tara."

"Wannan mutuwa ta nawa ke nan?" in ji Clive. "Ni na daina zuwa jana'izarsa."

"Kafin Kirsimeti zai tashi da sabuwar riga," in ji Rohan. "Noel, me ka ce?"

"Hayaniya ce kawai," in ji Noel. Bai ƙara ba. Suka dube shi, don a irin wannan wuri yakan yi huɗuba sai kofi ya huce.

Matar Gilashi ta samu yabo. Aka wuce wasu biyu da ba su sa kowa ya ɗaga murya ba. Can Clive ya miƙa hannu ya ɗauko Ambaliya, ya juya shi gaba da baya, ya shinshina.

"Wannan kuma daga ina? Takardar kamar wadda ake naɗe kifi da dankali."

"Wani ɗan gari ne," in ji Stav daga bayan kanta, bai ɗago ba.

Kowa ya ɗauki ɗaya. Noel ma ya ɗauka, yana buɗe shafukan da ya san kowane ɗigon tawada a cikinsu, amma idonsa na kan fuskokinsu. Ya ga leɓen Clive ya karkace. Ya ga Rohan ya tsaya a tsakiya, ya daɗe, bai san ko daɗewar daɗi ba ce ko ta neman inda za a soka wuƙa.

"To, babban alƙali," in ji Clive, "buɗe mana."

Da ma shi ke buɗewa. Noel ya ji in ya yi shiru Clive zai fara, kuma ba zai iya jin sukar daga bakin Clive ba. Gara ya riga su.

"Ku dubi hannuwan," in ji shi. "Wannan hannu ne ko nonon ayaba? Mutumin bai iya zana hannu ba, shi ya sa rabin mutanen garin suke yawo da hannu a aljihu, ruwa na cin gidajensu. Fuskar ɗan sanda da ta mai shago iri ɗaya ce, gashin baki kawai ya ƙara. Ruwan kuma, kun taɓa ganin ruwa kamar taliya?"

Bakin ya saba, sai ya yi ta tafiya da kansa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, don babu wanda ya san aibin littafin kamarsa. Da ya kai aya ya jingina, yana jiran wani ya ce haba, ai ba haka ba.

"Ka gama magana," in ji Clive, ya ajiye nasa.

Rohan ya ɗan riƙe nasa, yatsa a tsakiyar shafuka. Ya dubi Noel, ya zare yatsan. "Tunda kai ka faɗa. Ka fi mu ido."

Stav ya zagayo, ya tsaya kan Noel yana dubansa, irin duban da ake yi wa wanda ya kulle motarsa da makulli a ciki. Stav ya tattara littattafan, ya sunkuya ya sa su a maƙabarta.

Nan Noel ya gane abin da ya yi. Gardama ya so a yi masa, alhali shi ne ya yi shekaru yana koya wa mutanen nan cewa gardama da shi ba riba. Kofin da ke gabansa ya koma masa kamar ruwan wanki. Ya fara tunanin yadda zai gaya wa Maureen ta samu teburinta.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, Mele Fifita ta shigo da kayan aiki a jikinta, tana fifita da hannu.

"Kada wanda ya yi mini magana sai na zauna. Kawu Noel, matsa, ka cinye benci kai kaɗai." Ta zube, ta tuɓe takalma, ƙafarta ta bugi akwatin. Ta leƙa. "Wa kuka binne yau, marasa tausayi? A'a, kare ne a bango. Ƙafarsa uku?"

"Bar shi, ɓata lokaci ne," in ji Clive.

"Lokacinka ko nawa?"

Ta buɗe. Sauran suka koma kan Matar Gilashi, ban da Noel, wanda ya ƙura wa sukarin da ke cikin kwalba ido. Ya ji ta yi 'yar dariya ta hanci. Ya ji ta juya shafi, ta dawo baya. Daga nan ba ta sake motsi ba sai da ta kai ƙarshe, ta kifa littafin a tebur da ƙarfi har cokula suka yi tsalle.

"Wa ya binne wannan?"

Clive da Rohan suka nuna Noel a tare.

"Kawu! Da girmanka?"

"Hannuwan..." in ji Noel, muryarsa ba ta fita sosai.

"Hannuwan ba su da kyau, na gani, ba makauniya ba ce ni. Sai me? Ku duba nan." Ta buɗe tsakiya ta juya musu. Shafi ne da babu magana ko ɗaya. Wata tsohuwa mai kwale-kwale tana zaune a kan rufin gidanta, ruwa ya kewaye, ta raba guntun burodin da ya rage biyu, ta tura wa karen babban, sannan ta juya fuska gefe. "Kun ga ta kau da kai? Don kada ya ji nauyin ci. Kakata a Tonga haka take yi mana in abinci ya yi kaɗan. Kyaftin ɗinku ya mutu sau nawa, wa ya taɓa jin ko ɗar? Wannan guntun burodi ya sa ni neman hankici."

Rohan ya yi gyaran murya. "Gaskiya ni ma a nan na tsaya."

"Ka tsaya, amma ka bari aka binne? Kai da ke koya wa yara su faɗi gaskiya?"

Rohan ya sunkuya ya ciro nasa daga maƙabarta, bai dubi kowa ba.

"Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai," in ji Mele, ta buɗe shafi na ƙarshe. Duk sun karanta, don haka babu tara. Rufin ya karye, igiyar ruwa ta tafi da karen, babu abin da ake gani sai kunnensa ɗaya a saman ruwa. "In mutumin nan ya kashe karen nan, na rantse sai na nemo gidansa."

"Ai ya riga ya mutu," in ji Clive. "Tsohuwar dabara ce. In marubuci ya rasa abin yi sai ya kashe kare, a yi kuka, a tashi."

"Ba lallai ba ne."

"Ƙafa uku, 'yar'uwa, a cikin wannan ruwa? Ki fara zaman makoki. Irin waɗannan 'yan koyon na san su, arha suke so. Na biyu zai buɗe da tsohuwar tana haƙa rami, in ma akwai na biyu."

"Bai mutu ba!"

Noel ne. Ya miƙe tsaye bai sani ba, yatsansa a kan shafin.

"Ba ku da ido ne? Ku dubi kusurwar hagu, wannan farin abin da ke tahowa. Ƙofar firiji ce. A kanta zai hau, ruwa ya kai shi har filin ƙwallo, a can yaran makanike za su tsamo shi. Ita tsohuwar sai ta yi kwanaki tana nemansa kafin... Arha! Wata nawa na yi ina..."

Ya tsaya.

"Stav," in ji Rohan a hankali, "na biyun ya fito ne?"

"Ba a ma gama zana shi ba," in ji Stav, yana goge kanta da ba ta da datti.

Mele ta dubi bangon littafin, ta dubi Noel, ta sake duban bangon. Sai ta rufe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Rohan ne ya fara fashewa. Clive kuwa jan fuska ya yi kamar tumatir, yana ta buɗe baki yana rufewa.

"Kawu Tully!" in ji Mele, hawaye na zuba. "Kai ka haifa, kai ka binne, ka zauna kana karɓar gaisuwa!"

"Nonon ayaba," in ji Rohan, yana dukan tebur. "Da bakinsa!"

Noel ya koma ya zauna.

Clive ya samu bakinsa. "To, ni dai ban janye maganar takarda ba. Kuma hannuwan nan, abokina, sai ka sake zama." Ya ɗaga yatsa. "Sannan akwai doka. Ka faɗa mana ƙarshen labarin da ba mu karanta ba."

"Labarina ne fa!"

"Ko na kakanka ne," in ji Stav. "Nawa mai barkono. Shekara da shekaru nake jiran wannan rana."

Aka kaɗa ƙuri'a. Matar Gilashi ce ta ci kantar bakin ƙofa, don ta fi Ambaliya, Noel ma da kansa ita ya zaɓa. Amma Stav ya kwashe Ambaliya daga maƙabarta, ya karkaɗe, ya matsar da Matar Gilashi gefe kaɗan ya jingina shi kusa da ita. Babu wanda ya ce doka ta hana. Clive ya tashi kamar mai zuwa ban ɗaki, ya ɗauki Ambaliya guda biyu, ya zura ɗaya a leda da kwali a baya, ya manne bakin da kyau.

"Na ajiya ne," in ji shi, ba tare da an tambaye shi ba. "Ba yabo ba ne."

"Yaushe na biyu?" in ji Mele, ta riƙe hannun rigar Noel yana shirin fita. "Kada ka ce mini wata shekara. Ka bar kare a ruwa."

"Ai kin ji ya tsira."

"Na ji. Gani nake so."

A gidan burodi akwai layi. Noel ya tsaya yana kallon matar da ke sayarwa tana ɗauko mitfai daga tanda, tana naɗewa. Ya lura da yadda babban yatsanta ke lanƙwasa a ƙarƙashin takarda, ƙaramin kuma yana tashi sama shi kaɗai, abin da bai taɓa sa wa hannun kowa ba a zanensa. Da layi ya zo kansa sai ya laluba aljihu ya ciro guntun fensir.

"Biyar, ɗaya mai barkono," in ji shi. "Ki ƙara mini jakar takarda ɗaya, wadda babu mai a jiki. Kuma don Allah, 'yar'uwa, riƙe wannan haka, kada ki motsa hannun tukuna."