Akushin da Aka Shanya a Kan Soro

A ƙauyenmu, in aka ambaci Dda Bihi masassaƙi (Dda muke kiran dattijo don girmamawa), mata cewa suke bai taɓa gama aiki ba. Maza kuma su ce yana gamawa, sai dai mai kayan kan manta ya bayar. Amma duk gidan da ke da akushin kuskus na kirki, daga rumfarsa ya fito.

Da iska ta kayar da itacen zaitun na marigayi mahaifin Ijja, Ijja da kanta ta kai wa Dda Bihi gungumen, ta tsaya kallo. Ya maƙale itacen tsakanin ƙarafa biyu, ya naɗa masa igiya, yana taka katako da ƙafa. Itacen na juyawa, ruwansa na fantsamar masa a gemu, sassaƙe na zuba zara-zara.

Akushi biyu ya fitar, masu kauri kamar turmi, ya cusa su cikin tulin sassaƙe.

"Dda, binne su za ka yi? Wa ya rasu?"

"Ɗanyu ne, sai sun bushe a hankali. Ki dawo bayan girbin sha'ir, in sake ɗora su in rage kaurin."

"Wata bakwai? Mu ɓaure kwana biyar muke shanya shi."

"To ki zuba kuskus ɗinki a cikin ɓaure."

Abin ya tsaya mata a rai. Me sassaƙe yake yi wa itace wanda rana ba za ta iya ba? Ranar kasuwa, da tsohon ya tafi, ta zaro ɗaya ta hau da shi kan soronta ta shanya a rana. Kullum sai ta ɗaga shi ta ji nauyinsa. Ya yi ta raguwa, bakinsa ya soma miƙewa kamar ƙwai, ita kuwa abin na ba ta sha'awa. Rana ta huɗu tana shanya ulu ta ji ƙas. Akushin ya tsage daga baki har gindi, yatsa na shiga.

Kasuwa ta gaba ta mayar da shi cikin tulin, ta ja bakinta.

Bayan girbi Dda Bihi ya tono su a gaban masu shan shayi a rumfarsa. Ya jujjuya fasasshen, ya shafa gefen da ya koɗe, ya dubi Ijja sau ɗaya.

"Ya fashe," ya ce. Bai ƙara ba.

Wasu suka ƙara masa. Aka ce ido ya tafi, aka ce hannu ya soma rawa. Lalla Mammas, wadda gidanta ke jikin rumfar, ta aika aka ɗauke gungumenta aka kai wa mai injin lantarki a gari. Wasu biyu suka bi ta.

Ran da Ijja ta zo karɓar akushin da ya tsira, ta tarar da igiyar a rataye, babu itace ko ɗaya a rumfar, sai shi da dattawa huɗu da butar shayi. Akushin sumul yake, ba nauyi.

"Dda, ka san abin da ya faru, ko?"

"Sassaƙe ba ya koɗar da itace, 'yata. Amma faɗa mini, kwana nawa ya ɗauka? Ni ban taɓa gwadawa ba."

"Huɗu," ta ce ƙasa-ƙasa.

Dattawan suka dakata da kurɓa. Ta gyara mayafinta, ta ɗaga murya yadda Lalla Mammas za ta ji ta bayan katanga.

"Ni na ɗauke shi na shanya a rana. Ba hannunka ba ne. Na bari aka yi ta maganarka ina ji. Ka yafe mini, Dda."