Gayyar da Azariya Ya Zauna

A Madakiya, idan ana zancen masu garma, da Azariya ake farawa. Ranar gayya, wato ranar da maƙwabta ke haɗuwa su yi wa mutum ɗaya aikin gonarsa, shi ke gaba, sauran maza suna bin ƙurarsa suna tsine wa wanda ya koya masa noma. To amma damina biyu ke nan da jikin nan ya fara cin amanarsa. Kafin rana ta take sai ya ji kamar an zare masa laka, ga wani ciwo mai ja a marainansa na hagu, wanda ke ƙaruwa in ya daɗe a tsaye. Abin da ya fi wannan muni shi ne na cikin gida: sha'awar matarsa Ƙauna ta ɗauke masa ɗif, alhali son da yake yi mata ko ƙwayar acca bai ragu ba.

 Ƙauna kuwa sai ta sake kitso, ta fito da zannuwan da ba ta ɗaurawa sai Kirsimeti, ta riƙa yi masa tuwon acca da miyar karkashi a tsakiyar mako. Yana ganin duk wannan, yana kuma gane abin da take tambaya. Amma gogan naku, da ya buɗe baki sai ya yabi miya. Allah ya sani, maza na da wauta iri-iri, wannan kuwa tana cikin manyansu.

Wata Laraba ya ce zai je Kafanchan duba farashin taki, ya zarce asibiti. Likitan ya duba shi a tsaye, ya sa shi ya yi yunƙuri, sannan ya tura shi gwajin jini da hoto. Da sakamako ya fito, ya yi masa bayani dalla-dalla: jijiyoyin da ke kwashe jini daga marainan ne suka kumbura, jini na taruwa yana ɗumama wurin, ga kuma sinadarin maza, wanda suke kira testosteron, ya yi ƙasa a jikinsa. Akwai allurar sinadarin, amma tana iya tsayar da haihuwa, kuma ba ta taɓa jijiyoyin. Akwai kuma ƙaramar tiyata a gefen mara, a ɗaure jijiyoyin da suka lalace. Ya ce wasu mazan sinadarinsu kan tashi bayan wasu watanni, wasu kuma ba ya tashi sosai, don haka ba zai yi masa alkawari ba. Sharaɗi ɗaya ne: bayan aikin, babu garma, babu ɗaukar buhu, na wasu makonni.

A nan gizo ke saƙa. A unguwarsu, mai gayya shi ke kai garmar farko ƙasa kafin kowa ya sunkuya. Wanda ya zauna kuwa, sai ya faɗi dalili a gaban maza, kuma kafin a gama shan kunu labari ya isa Zumuntar Mata ta coci, a zo da kwanonin abinci da addu'a, a tambayi ainihin inda ke ciwo domin a ambata wa Ubangiji da suna. Azariya ya hango kansa a tsakiyar wannan alheri, sai gumi ya karyo masa.

Saboda haka ya shiga ɗage rana. Bari a gama huɗa. Bari a tone citta. Bari a yanka ta a shanya. Bari a yi wa maƙwabcinsa Dickson jinkar rumbu. Manomin da ke neman uzuri ba ya rasa aiki, ko a tsakiyar rani. Haka shekara ta zagayo, Ƙauna ta mai da zannuwan nan cikin akwati, ta koma magana da shi kamar baƙon da ake girmamawa.

Ranar da abin ya fashe, su biyu ne a gona suna rufe sabuwar shukar citta da ganye don kada rana ta ƙone ta. Ƙauna ta sauke damin da ke kanta, ta tsaya tana kakkaɓe hannu, ba ta dube shi ba. Ta ce tana so ta je Godogodo wurin yayarta ta kwana biyu, ko ya samu ya sha iska. Sannan ta kira shi da sunan ƴarsu ta fari, kamar yadda ta saba.

"Baban Doreen, in laifi na yi maka, ka faɗa in roƙi gafara. In kuma tsufa ne na yi, wannan kam ba ni da maganinsa."

Maganar ta soke shi fiye da duk wani ciwon jijiya. Duk tsawon lokacin nan yana ganin asirinsa yake rufewa, ashe matar nan yake bari tana ɗaukar laifin a kanta, tana duba madubi tana neman abin da ya lalace. Ya ji tausayinta, ya ji haushin kansa. Ya zauna a kan damin ganye ya faɗa mata komai, yana inda-inda, idonsa a kan yatsun ƙafarsa: ciwon, likitan, sinadarin, tiyatar, har da tsoron gayya.

 Da ya ɗaga kai sai ya ga hawaye a fuskarta, amma bakinta na neman yin dariya. Ta tambaye shi ko da gaske saboda su Dickson ne ya bar ta cikin wannan hali, su Dickson da ko ranar haihuwar ƴaƴansu ba su sani ba. Ya ce da gaske ne. Ta ɗauki reshe ɗaya ta make shi a kafaɗa, ba da ƙarfi ba, sannan ta zauna kusa da shi har gwiwarsu ta haɗu. Rabon da su zauna haka, shi kansa ba zai iya tunawa ba.

Tare suka koma Kafanchan. Ita ta yi wa likita tambayoyin da shi bai yi ba, har da yaushe zai iya hawa babur. Aka yi aikin da safe, washegari aka sallame shi, yana tafiya a ɗan tale kamar mai tsallake kwata, tana riƙe da jakarsa tana hana shi sauri.

Lokacin huɗar masara ya zo tun bai warke ba. Ƙauna ta dama kunu, ta dafa wake, ta aika aka kira gayya. Maza suka taru a bakin gona da garemaninsu, suka ga Azariya zaune a kan kujera ƙarƙashin ɗorawa, abin da ba wanda ya taɓa gani. Dickson ya gyara tsayuwa ya ce sun ji an yi ofareshon, to a ina ne aka yanka, don su san yadda za su yi addu'a.

Azariya ya buɗe baki, amma Ƙauna ta riga shi. Ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta ɗauki garmarsa.

"Ubangiji ya san wurin, dokta ya san wurin, ni ma na sani. Ku dai ku ce amin."

Ta kai garma ƙasa. Aka kwashe da dariya, wani dattijo ya ce amin da ƙarfi, maza suka sunkuya suka bi ta. Shi ke nan, abin da ya hana Azariya barci shekara guda bai kai tsawon shan ruwa ba.

Da rana ta yi tsaka ta kawo masa kunu, jikinta duk ƙasa, ta zauna a kan tushen ɗorawar tana mai da numfashi. Ya dubi tafin hannunta da ya fara yin kanta, zuciyarsa ta karye. Ya ce mata a hankali kada ta sa rai da yawa. Likita ya ce sai an sake gwaji bayan wasu watanni, kuma mai yiwuwa ne ƙarfin nan ba zai dawo kamar da ba.

Ta karɓi kofin daga hannunsa ta kurɓa, ta miƙa masa.

"In ya dawo, mu gode. In bai dawo ba, mu zauna. Ni ba ƙarfinka ne ya sa ni kuka ba, Baban Doreen. Na ɗauka ka daina so na ne."