Igiyar Dabo da Injin Niƙa

Shekara uku Dabo ya yi yana sauke kaya daga jiragen ruwan da ke zuwa daga Barazabil. Da ya bar aikin ya dawo gidan wansa Abdulmutallib a unguwar Kilomita Biyar, bai zo da komai ba sai igiya mai kaurin hannun jariri, da labarin igiyar.

A 1956 Abdulmutallib ya sayi injin niƙan rogo. Ran da babbar mota ta kawo shi ƙofar gida, Dabo ya ce kada kowa ya taɓa, wannan aikinsa ne. Ya sa direba ya matsa ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya hau ya rataya wata siririyar ƙugiyar ƙarfe a reshe da sarƙa, ya zura igiyar ta ciki. Za a ɗaga injin, mota ta janye, a sauke shi a hankali.

Iyatu, matar Abdulmutallib, tana tsaye a bakin zaure. Tsakaninta da ƙanin mijinta kullum tsokana ce.

"Injiniya," ta ce, "a wannan ɗan ƙarfen za ka lanƙwasa ta?"

"Matar Yaya, igiyar nan ta ɗaga motar Bature daga cikin jirgi. A gabana."

"Ni dai ban taɓa ganin jirgi kusa ba. Amma igiyar gugana ba ta taɓa tsinkewa a tsakiya. Kullum a wuya take yi, inda ta lanƙwashe a kan ƙarfe."

"To ai wannan ba guga ba ne."

Abdulmutallib mutum ne marar yawan magana. Ya dubi injinsa, ya dubi ƙugiyar, ya ce a fara gwadawa da buhunan gozo, wato garin rogon da ke jibge a shagonsa. Dabo ya ɓata rai, amma ya ɗaure buhu biyar, maƙwabta huɗu suka kama igiya. Shi kuwa ya tsaya kusa yana ba da umarni da Faransancin bakin ruwa.

Buhunan sun kai tsayin mutum sai aka ji ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Igiyar ta rabu daidai kan ƙugiya. Masu ja suka zube da baya, buhu biyu suka fashe a gaban Dabo. Da ƙurar garin ta lafa, idanunsa kaɗai ake gani.

"Kai ne, ko Baturen mai motar ne ya biyo sahu?" in ji Iyatu.

Dabo ya ɗauki bakin igiyar ya daɗe yana juya shi. Zaruruwan da ke bayan lanƙwasar su suka fara tsinkewa, don su kaɗai suka miƙe suka ɗauki nauyin, na ciki kuwa sun takure ba su ɗauki komai ba. Sai ya tuna a jirgi a kan babban gargare igiya take bi, mai faɗin faranti. Kullum yana ganinsa, bai taɓa tambayar dalili ba.

"Ara mini tsohon turminki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce? Gari ya toshe mini kunne."

Sai da ya maimaita. Turmin gindinsa ya riga ya ɓule, aka zura masa ƙarfe mai kauri, aka rataye shi a kwance, ragowar igiyar ta bi ta ƙugunsa. Aka sake gwadawa da buhunan da suka rage da duwatsu biyu. Sannan aka ɗaga injin, ya sauka lafiya kafin la'asar.

Abdulmutallib ya shafa ƙarfen injin ya yi hamdala. Ya miƙa wa ƙaninsa tsintsiya, ya ce garin da bai taɓa ƙasa ba a kwashe shi daban, sauran a ba awaki.